Abin da 'Yata Ke Ɗauka Zuwa Aji Ɗaya

Litinin, 7 ga Oktoba, da yamma

Yau aka kafa wani allo a bakin makaranta, daidai inda nake juya bas. Ja da fari, da manyan baƙaƙe: ma'aikatan wannan makaranta suna ɗauke da makamai, kuma za su yi duk abin da ya kama don kare yara. Na tsaya ina neman kuskuren rubutu a ciki, ban samu ba, abin ya ƙara min haushi.

'Yan majalisar jiha a Austin, babban birninmu, sun ce kowace makaranta sai ta sami mai bindiga. Mu ko ɗan sanda ba mu da shi a garin. Na gunduma idan ka kira shi, sai ka dafa kofi, ka sha, ka wanke tukunyar, sannan ka hango ƙurarsa. Don haka hukumar makaranta ta rufe ƙofa ta zaɓi wasu cikin malamai. Ba a faɗin sunayensu. An ce ko a gida kada su faɗa.

Ni ba wanda ya tambaye ni. Rabin rayuwata na yi ina koyar da tarihi da Latin a ginin nan, har aka gano Latin ba ta cin ƙwallo, aka miƙo min makullin bas da na ɗakin karatu. Mutumin da ya karanta Girkanci a jami'a, yanzu duk iliminsa ya koma "ku zauna, ku shigo da hannu ciki."

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan an tashi

A ɗakin malamai kowa ƙugun kowa yake kallo. Koci Boyd ya daina cusa riga a wando, yana tafiya yana ware hannu kamar mai ƙurji a hammata.

Na ce, "Boyd, ko dai tumbin ne ya ƙi shiga?"

Ya ce, "Farfesa, ranar da abu ya faru ka jefe shi da Latin ɗinka, mu gani ko zai faɗi."

Aka yi dariya. An saba yi.

Wata farar a-kori-kura tana bayan shinge tun safe. Coy Haskew ne. Alƙali ya hana shi zuwa kusa da 'yarsa Macie, ya ƙayyade masa iyaka, shi kuma ya auna iyakar ya ajiye mota a bakinta. Abin da ya yi a gidansu a watan Yuni ba zan rubuta ba, alƙali ya riga ya rubuta. Yarinyar tana hannun kakarta ta wajen uwa. Shekararta shida. Tana aji ɗaya, ajin Shanna, 'yata.

Na koyar da Coy. Ajinsu ɗaya da Shanna tun suna ƙanana. Yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar matata Noreen, shi ne a gaba ta hagu, ya yi kuka fiye da ni.

Juma'a, 11 ga Oktoba, da hantsi

Na gani, kuma da ban gani ba.

'Yan aji ɗaya da safe da gudu suke fita daga bas su rungume malamarsu a ƙugu, don nan tsayinsu ya kai. Shekara da shekaru ina kallon Shanna tana tsaye suna manne mata kamar kaska. Yau da suka taho sai ta juya musu gefen hagu, ta durƙusa da sauri, ta karɓe su a kafaɗa. Ta yi shi cikin dabara, ba yaron da ya lura.

Suwaita ce a jikinta, doguwa, mai ruwan toka. A wannan zafin.

Sai na tuna da hutun bana. Ta ce za ta garin Abilene kwas na koyar da karatu. Ta dawo da ɓawon ciwo tsakanin babban yatsa da manuni. Na ɗauka almakashi ne.

Ban tambaya ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan coci

Shanna ta zo da naman gashi da wake da burodin masara, kamar kowace Lahadi tun rasuwar uwarta. Ta buɗe firij ɗina ta yi tsaki.

"Baba, wannan madarar ta girme ni."

"Bar ta, muna shiri da ita."

Muka zauna. Yau ba suwaita, rigar coci ce kawai. Na ce, "Sanyin ya sake ki ke nan?"

Ta ɗago ta dube ni. Ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma kau da ido ba. Ta ce, "Ajina akwai na'urar sanyi mai ƙarfi, Baba. Miƙo gishiri."

Na miƙa.

Wannan yarinyar ce da tana ƙarama take fitar da gizo-gizo waje a cikin kofi don kada in taka shi. Ba ta taɓa gama littafi ɗaya cikin waɗanda na ba ta ba. Na so ta tafi nesa ta karanta abin kirki, ta zaɓi ta zauna nan tana ɗaure wa 'ya'yan mutane igiyar takalmi. Na ɗauka na gama saninta tuntuni.

Talata, 15 ga Oktoba, da azahar

An yi gwajin kulle. Shugabar makaranta, Malama Ybarra, ta tara mu kafin nan ta maimaita ƙa'idar: da ka ji lasifika, ka kulle ƙofa, ka kashe fitila, ka saki baƙin ƙyallen da ke kan gilashin ƙofa, ka tara yara a kusurwa. Ƙofar da aka kulle ba a buɗe ta sai ɗan sanda ya buɗe da makulli.

Na ɗaga hannu kamar ɗalibi. "Ranki ya daɗe, in an bar yaro a waje fa? Yana bugawa yana kuka?"

"Ba a buɗewa, Malam Pruitt."

"Ko ka san muryarsa?"

"Ko ɗanka ne. Kana da yara ashirin a ciki."

Boyd ya ce, "Lissafi ne, Farfesa. Ba fanninka ba ne."

Lissafin daidai ne, shi ya sa na tsane shi. Na dubi Shanna. Tana kallon ƙasa, tana murza zoben uwarta a yatsa.

A-kori-kurar tana nan.

Laraba, 16 ga Oktoba, da safe

Tana nan.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da yamma

Bayan na sauke yaro na ƙarshe na tsaya a gefen motarsa. Ya sauke gilashi. Ya rame, gemu ya cinye masa fuska. Akwai kujerar yara a baya, da ɗaurinta a shirye.

"Malam Pruitt. Har yanzu kana jan wannan akwalar?"

"Har yanzu. Coy, me kake nema a nan?"

"Titin gwamnati ne, yallabai. Na auna."

"Na san ka auna. Ka tafi gida."

"Wane gidan?" Ya yi dariya. Sai ya ce, "An ce haƙorinta ya fita. Na gaba. A bakin mai sayar da fetur na ji, Malam. Haƙorin 'yata."

Ya nuna allon da haɓa. "Wa suka ba bindigar? Boyd? Boyd ko bangon rumbu ba zai samu ba."

Maganar tana bakina. Idan na faɗa masa Shanna ce, wataƙila kunyarta ta hana shi shiga. Wataƙila kuma ranar da ya shiga ya san wadda zai fara nema. Na tsaya ina auna biyun, ni da na yi shekaru ina koya wa yara yadda manyan mutane suka yanke shawara a lokacin yaƙi. Abin da na iya cewa shi ne ya gaida mahaifiyarsa.

Asabar, 19 ga Oktoba, da hantsi

Ban yi niyyar bin Shanna ba. Na fita duba yadda ake cirar auduga a gonakin arewa, na ji ƙarar bindiga daga tsohon ramin da ake haƙar tsakuwa. Motarta tana bakin ramin. Na tsaya daga sama, bayan wata ƙaya.

Tana ƙasa ita kaɗai, da suwaitar, da abin toshe kunne. Ta kafa kwali mai siffar mutum. Tana tsayawa hannuwa a sake, kamar mai jiran yara su yi layi. Sai hannun hagu ya yaye suwaitar, na dama ya tafi, ƙara biyu, ta mayar. Ta sake tsayawa. Ta sake. Ba gaggawa, ba fushi a fuskar. Yadda uwarta ke murza kullu.

Abin da na fi lura da shi shi ne bakinta yana motsi. Kafin kowane zari tana yi wa kwalin magana. Ban ji me take cewa ba. Wani lokaci maganar takan yi tsawo, sai ta ƙi zarowa sam, ta sauke kafaɗa, ta fara daga farko.

Sama a buɗe take yau, ba gajimare ko ɗaya, gonaki fari fat har ƙarshen gani, ga mace ɗaya ƙarama a cikin rami tana koyon abin nan. Na karanta labarin jarumai da yawa a harshensu na asali. Ban taɓa tunanin yadda suke yi ranar Asabar da safe, ba mai kallo ba.

Na koma mota a hankali don kada ta ji.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan coci

Kaza Shanna ta kawo. Ban tambaya ba.

Litinin, 21 ga Oktoba, da safe

A-kori-kurar ba ta nan. Malama Ybarra ta ce an gode Allah. Ni na fi son in riƙa ganinta.

Talata, 22 ga Oktoba, da yamma

Ba ta nan.

Laraba, 23 ga Oktoba, da yamma

Kowa na da rai.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da azahar

Ba makaranta. Mata suna ta kawo abinci gidan Shanna kamar an yi rasuwa. Na zauna da alƙalami, hannun ya ƙi.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da hantsi

Bari in rubuta tun ban fara gyara shi ba.

Ta ƙofar kicin Coy ya shigo. Masu girki sukan tokare ta da dutse ranar da motar madara za ta zo, kowa ya sani, har ni. Ina ɗakin karatu da 'yan aji shida lasifika ta yi magana, kuma daga muryar Malama Ybarra na san ba gwaji ba ne. Na kulle, na kashe fitila, na tara su a kusurwa, na saki ƙyallen. Na bi ƙa'ida tsaf. Sannan na ɗaga gefen ƙyallen da yatsa.

Daga nan ana ganin doguwar barandar da ke tsakanin azuzuwa. Duk ƙofofi a rufe. Macie ta fito daga banɗaki tana goge hannu a riga. Ta je ƙofar ajinsu ta murɗa, ta ƙi. Ta buga. "Malama Shanna, ni ce." Ta sake bugawa.

Sai ga Coy daga can ƙarshe. Da jaket, hannun dama a cikin aljihu.

Yarinyar ta gan shi. Ta ce "Baba!" ta saki ƙofar ta nufe shi.

Ƙofar ta buɗe. Shanna ta fito, ta ja ta ta rufe a bayanta, na ji mataimakiyarta ta murɗa makulli daga ciki. Taku kaɗan ta kamo kafaɗar Macie da hagu ta mayar da ita bayanta. Hannun dama ya shiga ƙarƙashin suwaitar ya tsaya a can.

Akwai shuɗin layi da aka shafa a ƙasa, inda yara ke tsayawa kafin su shiga ɗakin cin abinci. Yana tsakaninsu.

Ta ce, "Coy, ka ga shuɗin layin nan? Iyakarka ke nan."

Da muryar aji ta faɗa. Muryar da take cewa a ajiye fensir.

Ya dubi hannunta. Na ga lokacin da ya gane. Ya ce, "Ke? Shanna, ke suka ba?"

"Ni."

"Haba. Ke da kika suma ranar da muka yanka kwaɗo a aji."

"Na suma. Zauna a ƙasa, Coy."

"'Yata na zo ɗauka."

"Na sani. Ba za ka ɗauke ta ba. Zauna ka harɗe ƙafa yadda muke zama a aji. Hannun nan ka bar shi inda yake, kada ka fito da shi, ko da me ke ciki."

Ya ƙara taku ɗaya. Kan takalminsa ya kusa taɓa fentin. Kafaɗar Shanna ta ɗan sauka, hannun hagu ya saki Macie ya kama gefen suwaitar. Na san wannan motsin. Na gan shi a rami. Na san abin da ke biye da shi, kuma ni kaɗai na sani a duk ginin, ina bayan gilashi da ƙyalle a yatsa.

Ta ce, "Coy. Tana kallo."

Ban san tsawon lokacin da ya yi a tsaye ba. Sai ya yi ƙasa. Ya zauna, ƙaton mutum, ya harɗe ƙafa a bakin layin yara, hannu ɗaya a aljihu.

Daga nan sai jira. Ɗan sanda yana can wani gari. Shanna ba ta zauna ba, ba ta jingina ba, hannun bai motsa ba. Ta ce, "Macie, leƙo ta nan ki nuna wa Baba wurin haƙorin. Daga nan. Kada ki wuce ƙafata." Yarinyar ta leƙo ta wage baki. Coy ya yi wani sauti da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Shanna ta sa ta faɗa masa sunan kifin ajinsu, da wanda ya yi amai a bas, da kalmomin da ta iya rubutawa. Ta sa ta ƙirga masa har ɗari. Da ta kai, ta ce ta sake, ta yi tsallake biyu-biyu. Ya riƙa gyara mata in ta yi kuskure.

Duk wannan lokacin idon Shanna yana kan ƙirjinsa. Ko sau ɗaya bai sauka ba. Muryar tana wasa da yarinya, idon yana wani aiki dabam, kuma duka biyun nata ne. Gumi ya jiƙa bayan suwaitar har ya yi baƙi.

Da 'yan sanda suka shigo ta juya Macie ta manna fuskarta a cikinta don kada ta ga ankwa. A lokacin ne ta zaro hannun. Ba komai a cikinsa. Yatsun sun ƙage, sai da ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya da ɗayan hannun.

Abin da aka samu a aljihunsa, yau na ji iri uku a gari. Ban nemi na gaskiyan ba. Ita ma ba ta sani ba a lokacin.

Asabar, 26 ga Oktoba, da yamma

Ashe Boyd ba ya ma cikin waɗanda aka ba bindiga. Ya faɗi gwajin harbi tun a hutu. A ɗakin ajiyar ƙwallo ya kulle kansa da yaransa, wanda shi ne daidai. Na haɗu da shi a gidan mai, na shirya masa magana mai zafi tun daga nesa. Ya riga ni. Ya cire hula ya ce, "Farfesa, 'yarka." Ya kasa ƙarasawa. Ni ma na bar tawa.

Hukuma ta sake rufe ƙofa. Shanna ta buɗe ƙofar da aka ce ba a buɗewa, kuma yanzu duk gunduma ta san ita ce mai bindigar. Sun rasa ko yabo za su ba ta ko gargaɗi, suka ba ta duka biyun.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan coci

Ta zo. Na ɗauka ba za ta zo ba. Da ta shigo na tarar da kaina a tsaye, ban san lokacin da na miƙe ba.

"Baba, lafiya? Zauna mana."

Ta zuba min, ta zuba wa kanta, ba ta ci ba. Ta ajiye cokali ta ɗora hannu a cinya.

Tambaya ɗaya ce. Tun Laraba take cikina. Na ce, "Shanna." Ta ce, "Na'am." Na ce waken ya yi daɗi.

Ta ce gobe za ta koma aji. Da suwaitar.

Talata, 29 ga Oktoba, da yamma

Macie ce ta ƙarshe a hanyata, gidan kakarta yana bayan injin gurzar auduga. Yau da sauran suka sauka ta dawo kujerar da ke bayana. Muna tafe ta ce, "Malam Pruitt, da Babana ya taka layin, Malama Shanna za ta harbe shi?"

Na riƙe sitiyari. Na ce, "Wa ya faɗa miki wannan magana?"

"Kowa na faɗa."

"To, wannan ba ni za ki tambaya ba, 'yar nan."

"Na tambayi Kaka, ta ce a'a, ko kusa. Na tambayi Fasto, ya ce a'a. Malama Ybarra ta ce kada in yi tunaninsa." Tana kaɗa ƙafa tana bugun bayan kujerata. "Jiya na tambayi Malama Shanna."

Na tsayar da bas a ƙofar gidan. Ban juya ba, ta madubi nake kallonta.

"Me ta ce?"

"Ta durƙusa ta ce eh. Ta ce ba za ta yi min ƙarya ba. Ta ce ta yi murna ƙwarai da ya zauna." Ta saɓa jakarta. "Ni ma na yi murna. Babana ya iya zama da kyau, ko? Bai motsa ba."

Na ce ya iya.

Ta sauka tana tsallake matakala. Kakar tana tsaye a baranda tana ɗaga min hannu in wuce. Na daɗe ban rufe ƙofar bas ɗin ba.